Gicciyen da ke wuyan hannuna

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni kafinta ne a Jos, ina da mata da 'ya'ya biyu, ni ne kuma nake kaɗa ganga a ƙungiyar Sabon Rai ta majami'armu. A hannuna na dama, ta ciki, ɗan sama da wuyan hannu, akwai baƙin gicciye wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. A ƙarƙashinsa akwai sunan ƙanena, sai kuma 28-11-2008. Matasa sukan tare ni bayan an tashi sujada su ce, "Yaya, don Allah gaya mana gaskiya, tatu zunubi ne ko ba zunubi ba ne?" A ganinsu tunda abin yana jikina, amsar tana bakina. Ni kuwa ban taɓa iya ba da ita a tsaye a bakin ƙofa ba, sai an zauna.

A wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, jihar Katsina, aka haife mu. Mu Hausawa ne gaba da baya, kakanninmu Maguzawa. A gidanmu, ranar suna wanzami yakan zo da zabirarsa tun da sassafe, ya yi wa jariri aski, ya cire masa beli, sannan ya yi masa tsagar gida a kumatu. Haka aka yi mini, haka aka yi wa ƙanena da ya biyo bayana da shekara uku. Tawa ta shafe da girma, sai an matso ake ganinta. Tasa kuwa ta fito raɗau, don shi fari ne, ga doguwar fuska. Bishara ta shigo gidanmu ina ɗan shekara shida, ta bakin wani mai bishara da yake zuwa a kan keke ran kasuwa. Baba ne ya fara karɓa, sai Inna, daga ƙarshe Kaka, mahaifiyar Baba.

Kaka kuwa jikinta kamar ƙwaryar da aka yi wa zane. Tun tana budurwa wanzami ya yi mata jarfa a wuya, da ƙirji, da bayan hannu, ya tsattsaga da aska ya goga baƙin tukunya, abin ya zauna kore-kore har tsufanta. Da muna yara mukan kwanta a cinyarta muna bin layukan da yatsa. Ta haura sittin aka yi mata baftisma a rafi, da rani, ruwan ko ƙugu bai kai ba. Ina tsaye a bakin gaɓa ranar. Ban ji wani ya ce mata komai game da jarfarta ba.

Na zo Jos koyon aikin kafinta, ina yawo tsakanin shagon maigidana da kasuwar Katako. Da na ɗan kama ƙasa sai ƙanena ya biyo ni. Ya karɓi babur yana acaɓa, yana tara kuɗin komawa makaranta. Wanda bai taɓa zama Bahaushe Kirista a Jos ba, da wuya ya gane abin da zan faɗa. Ran Lahadin farko da muka shiga majami'a, mai tsaron ƙofa ya tare mu da ladabi ya ce, "Malam, wa kuke nema?" A kasuwa kuma in an kira salla, sai maƙwabcin rumfa ya miƙo maka buta. Mun zama jemage, tsuntsaye ba su ɗauke mu nasu ba, dabbobi ma haka. Ƙanena yakan yi dariya ya ce ai riba ce, ko'ina muna da 'yan'uwa.

Ran Alhamis 27 ga Nuwamba 2008 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Kafin gari ya waye ran Juma'a, rigima kan sakamakon Jos ta Arewa ta juye ta zama ta addini. Shi bai ji komai ba, ya fita da asuba neman fasinjan tasha kamar kullum. Na tashi na tarar da ƙaramin Sabon Alkawarinsa a kan tabarma, wanda yakan sa a aljihun gaba. Aka ƙona majami'u, aka ƙona masallatai, aka kashe ɗaruruwan mutane ta kowane ɓangare, aka sa dokar hana fita. Kwana uku ina nemansa. Na same shi a ɗakin ajiye gawa, a ƙasa, cikin jeri. Da tsagar gidanmu na gane shi.

Sai bayan wata biyu na ji yadda aka yi. Wata mata mai tuyar ƙosai, wadda yakan kai 'ya'yanta makaranta, ita ta neme ni har shago. Ta ce a unguwarsu aka tare shi, unguwar Kirista, matasa sun gicciya itace a hanya. Ya ce musu shi mai bi ne. Ya faɗi sunan majami'arsa. Ya karanta musu Addu'ar Ubangiji da Hausa tun daga farko har Amin. Wani a cikinsu ya ce ai kowa yana iya haddace wannan, ku dubi fuskarsa. Ta ce ta yi ihu daga bakin ƙofarta cewa ta san shi, muryarta ba ta kai ba. Tana faɗa tana kuka tana roƙona gafara, ita da ba ta yi komai ba.

Da a ce 'yan ɗaya ɓangaren ne suka kashe shi, da na san inda zan ajiye abin. Da an kira shi shahidi, an yi masa waƙa. To, ga shi waɗanda muke cin gurasa ɗaya da su ne, muke shan ƙoƙo ɗaya. Ban gaya wa Baba da Inna ba. Ban gaya wa fasto ba. Na haɗiye.

A shekarar da ta biyo baya muka samu aikin rufin gida a Abuja. Akwai wani shagon aski kusa da inda muke kwana, a bayansa wani ɗan ɗaki mai labule, nan wani yaro yake yi wa mutane tatu. Na yi kwana huɗu ina wucewa ina leƙe. Ran na biyar na shiga, na zana masa abin da nake so a bayan takardar siminti. Ya goge wurin da auduga mai warin asibiti, ya kunna wata 'yar na'ura mai ƙara kamar ta aski. Zafin ba irin na yanka ba ne, kamar a riƙa ja maka bakin ƙusa mai zafi ne a hankali. Jini yana tsattsafowa yana gogewa. Da ya zo kan sunan sai ya tambaye ni ko budurwa ce, na ce a'a. Bai ƙara magana ba. Ya shafa man baselin, ya naɗe da leda, ya ce kada in sosa ko da ya yi ƙaiƙayi.

In an tambaye ni dalili a lokacin, cewa nake don tunawa da ƙanena. Gaskiya ne. Akwai kuma tsoro: na ce duk ranar da aka tare ni a hanya, ba zan tsaya karanta addu'a ba, hannu kawai zan miƙa. Wannan ma gaskiya ne. Amma akwai na uku da ban faɗa wa kowa ba. Lokacin da allurar take bin lambobin nan, 28, 11, a cikin zuciyata rantsuwa nake yi. Na ce muddin wannan rubutu yana jikina, ban yafe ba, kuma duk ranar da Allah ya nuna mini ɗaya daga cikinsu, sai na rama.

Da Kirsimeti na je gida. Na yi niyyar ɓoyewa, amma ina wanke hannu a bakin randa Inna ta gani. Ta kamo hannun ta juya shi wajen haske. Inna ba ta yi boko ba, a ajin zumuntar mata ta koyi haɗa baƙi don ta karanta Littafi da kanta. Ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana motsa leɓe, har ta haɗa sunan ɗanta. Sai ta ɗora goshinta a kan hannuna. Mun daɗe a haka.

Baba dattijon ikkilisiya ne, mutum ne marar yawan magana. Da dare ya kira ni zaure, ya buɗe Littafin Firistoci sura 19, ya ɗora yatsa a aya 28, ya miƙo mini tare da fitila. Ayar ta ce kada a tsattsaga jiki saboda matattu, kada kuma a yi jarfa, ta rufe da "Ni ne Ubangiji." Ya ce, "Ka karanta?" Na ce na karanta, Baba. Ya ce, "Na rasa ɗaya, ba na so in rasa biyu." Ya tashi ya shiga ciki. Kaka tana jin mu daga ɗakinta. Da safe ta kira ni, ta ja hannuna kusa da idonta da ya riga ya yi hazo, ta ce, "Wannan ɗan abin ne ake ta magana? Ni da tawa aka tsoma ni a ruwa, da ita na fito. Ruwan bai wanke ta ba, Mai Ceto kuma bai ce in koma ba." Na ji daɗin maganar ƙwarai. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ni tawa ta kwalliya ce, ranar da aka yi mini ana guɗa. Kai taka idonka bai nuna ta guɗa ba ce." Wannan rabin na bar shi a ƙauye, na ɗauko na farkon na dawo da shi Jos.

Ba a daɗe ba abin ya fito a majami'a. Mai kaɗa ganga ba ya iya ɓoye wuyan hannu. Ana cikin waƙar baiko hannun rigata ya zame, wata uwa a layin gaba ta gani, kafin Laraba an kira ni gaban dattawa. Mutum bakwai a ofishin fasto, ni a tsaye. Aka karanta mini Firistoci 19:28. Aka karanta mini 1 Korantiyawa 6:19, cewa jikina haikali ne na Ruhu Mai Tsarki. Wani ya ce wannan alamar 'yan ƙungiyar asiri ce. Wani ya ce daga nan ake fara karɓar lambar dabbar nan ta Wahayin Yahaya.

Ni kuma na zo da shirina. Na ce, iyayena, aya 27 da ke sama da ita ta hana aske gefen gemu, ga ku nan duka da gyaran fuska. Aya 19 ta hana sa tufa mai zare iri biyu, ku duba yadin da ke jikinku. Sura 11 ta hana naman alade, wa aka taɓa sa wa horo a kansa a nan? Sannan na nuna biyu daga cikinsu da ke da tsagar ƙabilarsu a fuska, na ce ashe wanzami ba ya son jarfa. Maganar ta yi tsauri a bakin yaro gaban iyayensa, na kuma san haka tun kafin in rufe baki. Aka yanke mini horo na wata shida: bencin baya, ba ganga, ba Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo tare da 'yan'uwa masu bi.

Yau ba na riƙe da dattawan nan. Suna da hujjarsu. A shekarun nan yaranmu da yawa sun faɗa ƙungiyoyin asiri da shaye-shaye, kuma da zane a jiki wasunsu suke gane juna. Makiyayi da ya ga abin da ya yi kama da sawun kura dole ya daka tsawa. Abu ɗaya ne har yanzu yake yi mini ciwo. Mutum bakwai sun duba hannun nan, ɗaya har ya karanta sunan da ƙarfi, ga kwanan wata a rubuce wanda duk mazaunin Jos ya san abin da ya faru a cikinsa, amma ba wanda ya ce, "Ɗana, wane ne wannan?" Da an tambaya, ina jin da a ranar na fashe. Fatar aka duba, ni ma fatar na kare, muka tashi kowa yana ganin ya yi wa Allah aiki.

Na cika wata shidana, na tsaya gaban jama'a na nemi gafara da baki, aka tafa, aka mayar mini da gangata. Na koma sa riga mai dogon hannu da maɓalli. Shekara biyar na yi a haka. Ina kaɗa ganga ina bin fuskokin mazan da ke rawa, ina lissafin shekarunsu, ina cewa wannan a 2008 zai kai ashirin, a wace unguwa yake? In an zo Addu'ar Ubangiji nakan bi jama'a har zuwa "Ka gafarta mana laifofinmu", daga nan in rufe bakina, sai an wuce layin da ke biye in ci gaba. Ba wanda ya lura. Da dare in na kasa barci, nakan kunna fitilar waya in duba lambobin, abin ya dawo sabo. Gicciye ne a hannuna, amma aikin da yake yi mini shi ne hura wuta.

A watan Fabrairun 2015 labari ya zo daga Libiya cewa an yanka mutum 21 a bakin teku saboda sunan Yesu, 20 Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, ɗaya ɗan Gana. A cikin abin da aka yi ta faɗa a lokacin ne na fara jin cewa Kiristocin Masar suna da al'adar yin ɗan ƙaramin gicciye a wuyan hannun dama, ta ciki, daidai inda nawa yake, wasu tun suna yara, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi. Na ji kamar an ba ni takardar shaida. A makon nan ina gyara wa wani tsohon Rabaran mai ritaya ƙofar ɗakinsa da gara ta ci. Dattijo ne da ya koyar a makarantar Littafi Mai Tsarki shekaru da yawa, ya kuma je Urushalima. Na ajiye guduma, na naɗe hannun riga, na ce, "Baba Rabaran, waɗannan da suka mutu da gicciye a hannu, su ma bencin baya za a kai su?"

Bai yi fushi ba. Ya ce in jawo kujera. Ya ce gaskiya ne, da idonsa ya ga masu ziyara daga Masar da Habasha da gicciye a hannu, wasu matan Habasha har a goshi, kuma a tsohon birnin Urushalima akwai gidan da sana'arsu ke nan tun kakanni, yi wa masu ziyara wannan alama. Ya ce ba zai iya buɗe baki ya ce waɗannan mutane ba na Almasihu ba ne. Ya ce ayar Firistoci an ba Isra'ila ita ne suna zaune tsakiyar al'ummai masu yanka jikinsu in an yi mutuwa, da masu yi don gumakansu. Ya tuna mini Maimaitawar Shari'a 14:1, da annabawan Ba'al a Dutsen Karmel da suka yi ta tsaga kansu da wuƙaƙe har jini ya malala. Ya ce da manzanni suka zauna a Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 15, don su yanke abin da za a ɗora wa al'ummai masu ba da gaskiya, ba su sa wannan a ciki ba. Ayar haikali kuma, in ka karanta abin da ke gabanta, kan fasikanci Bulus yake magana, ko da yake gaskiyar cewa jikin ba naka ba ne, saye aka yi da tsada, ta shafi komai. Ya ce, "Ni dai ba na son tatu, ba zan kuma so jikana ya yi ba. Amma rashin sona ba doka ba ce. Romawa 14 ta hana ni mayar da shi doka."

Ina ta gyaɗa kai, zuciyata fari ƙal. Sai ya kama hannun ya kawo kusa da tabarau. Ya ce, "Su Kibɗawa gicciye kaɗai suke yi. Kai naka da suna da kwanan wata. Wane ne wannan?"

Shekara shida da wata uku ke nan da rasuwarsa, sai a ranar wani ya tambaya. Na faɗa masa duka, har da mai ƙosai, har da rantsuwar. Ya yi shiru ya daɗe. Sannan ya miƙo mini Littafinsa, wanda bangonsa ya sha ɗinki, ya ce in buɗe surar nan dai da aka yi mini hukunci da ita, in bar aya 28, in hau sama aya goma, in karanta da ƙarfi. Ban taɓa lura da abin da ke wurin ba, ni da na haddace 19 da 27 don gardama. Aya 17 ta ce kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuciyarka. Aya 18 ta ce kada ka ɗauki fansa, kada ka yi riƙo ga mutanenka, sai dai ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Ita ma da "Ni ne Ubangiji" ta rufe. Na kai kan "mutanenka" muryata ta ƙi fita.

Ya ce, "Ɗana, a kan aya 28 masana suna gardama, za su kuma ci gaba. A kan 18 ba gardama, Yesu da bakinsa ya ɗauko ta ya ce ita ce ta biyu cikin manyan dokoki. Dattawanka sun ce ka yi jarfa saboda matacce, ka yi ta musu. Ni ina ganin ba don matacce ka yi ba. Don rayayyu ka yi, waɗanda kake nema." Na durƙusa a kan garin katako a ƙofar ɗakinsa na yi kukan da ban yi ba a ɗakin gawa. Ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a, ya roƙi gafara a madadin ikkilisiya saboda jinin ƙanena. Ban taɓa zaton zan ji wani ya faɗi wannan ba.

Ba a ranar na warke ba. Na fi shekara ina zuwa wurinsa duk Asabar da yamma. Ran da na fara faɗin layin nan na Addu'ar Ubangiji da na daɗe ina tsallakewa, sai da na dafa benci. Na je gida na gaya wa Baba da Inna gaskiyar yadda ɗansu ya mutu. Baba ya ce ya daɗe da zargin haka, tun da ya ji unguwar da aka tsinci babur ɗin. Shi ma shiru ya yi da abin, don kada ya ɗora mini.

Na so in cire zanen. Na ga wani yaro da ya ƙona nasa da dutsen guga don a ɗauke shi aikin soja, wurin ya zama tabo mai kumburi, ya fi zanen muni. Na ji ana cirewa da na'ura a manyan asibitoci, kuɗin ya fi ƙarfina. Baba Rabaran ya ce in bar shi. Ya ce Ubangiji ya tashi daga matattu da gurbin ƙusoshi a hannunsa, da su ya kira almajirinsa Toma. Ya nuna mini Ishaya 49:16, inda Allah ya ce wa Sihiyona ya zana ta a tafin hannuwansa. Ya ce ba hujjar yin tatu ba ce, kada in je ina faɗa wa yara haka, amma in na dubi sunan ƙanena in tuna akwai hannun da aka riga aka rubuta shi a ciki, wanda ya fi nawa.

To ga inda na tsaya, ga matasan da suke tambayata. Ban yarda tawada a fata tana raba mutum da Almasihu ba. In haka ne, Kaka ba ta da rabo, ni kuwa na ga yadda ta mutu tana kiran sunan Yesu. Amma nawa zunubi ne, don na san abin da na rantse a kai ana yi mini shi. Ba zan ƙara wani ba. In yaro ya ce yana so, nakan ce ya faɗa mini dalilin da ba zai iya faɗa wa mahaifiyarsa ba, don yawanci akwai shi. Nakan kuma gaya masa kuɗin da ake biya bayan na mai allura. An sauke ni daga mota a shingen hanya fiye da sau ɗaya saboda hannun nan. Da na je neman aure, kawun matata ya ce ba za su ba ɗan ƙungiyar asiri 'ya ba, sai da Baba Rabaran ya taka da sandarsa har gidansu. Allurar da ba a canja ba tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga jiki zuwa jiki. Ni Allah ne ya tsare ni, don ban ma san in tambaya ba. Ga uwa a layin gaba wadda hannunka zai hana ta jin wa'azi, ita ma Almasihu ya mutu dominta. 'Ya'yana biyu kuwa ba a sa musu aska ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko jarfa, amma ko babu doka, ni da na ga abin da tsaga ta jawo wa ƙanena ba zan kira wanzami ba. Su dattawa kuma, yanzu da nake zama kusa da su, roƙona ɗaya ne: in yaro ya shigo da zane, a tambaye shi labarinsa kafin a nuna masa benci.

A watan Agustan 2021 gari ya sake rikicewa, har aka sa dokar hana fita dare da rana a Jos ta Arewa. Ranar da abin ya fara muna shago da wani yaro da nake koya wa aiki, Musulmi, ɗan shekara goma sha bakwai, mutumin Kazaure, da 'yar tsaga a kumatunsa. Shagona a unguwar Kirista yake. Na ga ana rufe rumfuna, na ce ya hau babur in kai shi bakin unguwarsu. Ba mu yi nisa ba muka tarar da itace a gicciye a hanya, da matasa kamar goma sha biyar, da sanduna.

Suka ce in sauka. Ɗaya ya dube ni ya dubi yaron, ya ce, "Ku su wane ne?" Abin da na yi tanadi dominsa shekara goma sha biyu ya zo. Na ɓalle maɓallin, na naɗe hannun riga, na miƙa. Ya ga gicciyen ya ce, "Kai wuce. Wannan fa?" Yaron ya riƙe bayan rigata, ina jin rawar hannunsa a bayana. Na ce, "Karanta abin da ke ƙasa." Ya karanta sunan. Na ce, "Ƙanena ne. Mai bi ne, an yi masa baftisma. A irin wannan shingen 'yan'uwanmu suka kashe shi saboda fuskarsa irin ta yaron nan ce. Wannan ma ƙanena ne. Tare muka zo, tare za mu wuce." Gwiwoyina suna kaɗawa, bakina ya bushe.

Suka tsaya suna duban juna. Can daga baya wani ya ce, "Ai mai gangar Sabon Rai ne, na san shi." Wani babba a cikinsu ya daɗe yana kallon lambobin da ke hannuna, sannan ya sunkuya ya ja itacen gefe da kansa, bai ce uffan ba. Shekarunsa za su kai arba'in. Na tayar da babur. Ban yi lissafin ko nawa yake a 2008 ba, sai da muka kai bakin gada na lura ban yi ba. Yaron ya sauka, ya ruga cikin lungu, ya juyo ya ɗaga mini hannu, sannan na juya na kama hanyar gida kafin sojoji su rufe titi.